Kilo Talatin da Takwas

Sixten mijin ƙanwata ne, shi ya sa ban kore shi daga garejina ba a wancan hunturun. Shekara talatin ina walda a bayan garin Bollnäs, ban taɓa ganin mutum mai ƙaiƙayin zama irinsa ba. Kafin in kunna murhu da safe ya iso, taba ƙunshe a leɓe, da ɗan littafinsa na lissafin kilo a aljihu.

Abin da yake nema ɗaya ne. Tsohuwar a-kori-kurarsa, Chevrolet ta 1967, tana cinye mita ɗari huɗu da biyu na filin tsere cikin sakan goma da ɗigo huɗu, shi kuwa shekara tara yana so ya ga tara a allon. Sai ga likita ya ce masa lasisin tsere na bana shi ne na ƙarshe da zai sa wa hannu, saboda zuciyarsa ta fara tsallake bugu. Damina ɗaya ta rage masa ke nan, domin da damina kaɗai ake tsere a nan, kuma daminarmu ba ta da tsawo.

Ya zauna ya yi lissafi, ya ce in motar ta zubar da kilo ɗari biyu za ta faɗo ƙasa da goma. Injin ya riga ya ba da iyakar abin da zai bayar. Saura shasi, ƙashin bayan da komai ke zaune a kansa. Muka ɗaga gangar jikin motar da sarƙa, muka jawo tsohon shasin waje, ƙarfe mai nauyi kamar na gada, na zana sabo na bututu a kan teburin ƙarfe. Dole kuma ya yi aiki biyu: ya jure tashin tsere, ya kuma wuce gaban mai duba motoci, domin a gasar da Sixten ke shiga, da ƙafarta mota take zuwa fili, ta kan titi.

Duk bututun da na yanka sai ya ɗauke shi ya kai sikeli kafin in ɗora. Ya huda hannun ƙofa da injin huji har ya koma kamar rariya. Ya cire rediyo, ya cire wurin zuba tokar sigari, wata Asabar na same shi yana kwance magogin gilashi.

"Mayar da shi," na ce. "Mai duba motoci zai kore ka tun daga bakin ƙofa."

"Giram ɗari bakwai ne fa, Rune."

"Aske gemun nan, za ka samu rabinsu."

Bai yi dariya ba, ya dai shafa gemun yana tunani. Ran Litinin ya zo babu shi.

Ƙanwata Majvor ce ke kawo mana gahawa ƙarfe goma, da burodin kirfa da take gasawa. Sixten ya daina cin burodin tun Janairu, sai dai ya bi faranti da ido. Ita ke ajiye takardun lokacinsa na tsere a gwangwanin biskit, ita ke duba masa iskar taya a fili. Mutane sun manta cewa a filin suka haɗu, ita a layin hagu shi a na dama, kuma ta riga shi isa. Da ta haifi ɗansu na fari ta rataye hular kwanonta a ɗakin ajiya, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Rigimarmu ta gaske a kan kejin ta tashi, wato bututun da ke kewaye direba don kada mota ta murƙushe shi in ta kife. Na sayo mai kaurin milimita uku. Sixten ya shigo da nasa a kafaɗa, mai biyu, ya jingina a bango.

"Wannan zai ba ni kilo ashirin," in ji shi.

"Wannan zai ba ka akwatin gawa."

"Waye zai sani? In an yi fenti duk ɗaya ne."

"Ni zan sani. Hannuna ne a kan kowane ɗinkin walda."

"Ni zan zauna a ciki ai, ba kai ba. Raina ne, suruki."

Raina ya ɓaci sosai. Na ajiye abin walda na ce masa in bututun nan yake so, ya kwashe ƙarafansa ya kai wa wani. Ya fita ya yi zagayen gareji sau uku cikin dusar ƙanƙara, ya dawo ya ce in yi yadda na ga dama. Amma bututun nasa bai ɗauke ba. Wata biyu yana jingine a bango, kullum sai ya ɗan taɓa shi in zai wuce.

A ƙarshen Afrilu muka mayar da gangar jiki kan sabon shasi. Ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. Saura kawai in ɗinke ƙafafun kujera, waɗanda na ɗan ɗosa da walda daidai tsawon Sixten. Muka tura motar kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, ya hau ya zauna da hular kwano. Na karanta masa allon.

"Saura talatin da takwas."

"Ƙarya ne. Sake dubawa."

"Talatin da takwas, Sixten. Ko ka tofar da tabar, ba zai canza ba."

"Idonka ne ya tsufa. Bari in gani da kaina."

Ya sauko, sai motar ta fara gangarawa daga kan sikelin, domin mun cire birkin hannu za mu sa mai sauƙi. Majvor tana tsaye da butar gahawa. Ya ce mata, "Zo ki taka mini birki minti ɗaya." Ta ajiye butar ta hau. Ƙafarta ba ta kai ba, sai da ta zamo gaba ta riƙe sitiyari.

Sixten ya zagayo ya tsaya kusa da ni. Allon ya yi rawa ya tsaya. Da ita a kujerar, ba ma kawai an kai inda yake so ba, an wuce da kilo takwas.

Na ga ya ciro littafinsa, ya duba lambar da ya zagaye da jan biro tun Nuwamba, ya sake duban allon. Ya mayar da littafin aljihu.

"In saki?" Majvor ta tambaya daga ciki. "Ƙafata ta fara sanyi."

"Saki," ya ce. Muka tare motar da kafaɗa.

Kwana huɗu bai zo ba. Garejin ya yi shiru har ya dame ni. Na share, na jera spanoni, na kunna rediyo na kashe. Na ɗauki waya zan kira shi sau biyu ina fasawa. Gaskiya tausayinsa nake ji, kuma ina jin haushin kaina da na yi ta zolayarsa a kan gemu da burodi, alhali mutumin ya rage duk abin da zai iya ragewa a jikinsa.

Ran Juma'a da hantsi suka shigo tare. Majvor na rungume da tsohuwar hular kwanonta, fentin duk ya dushe.

"Wannan ta gama aiki," na ce. "Ba za su bar ki da ita ba."

"Na sani, Yaya. Na kawo ne ka ga girman kan. An yi odar sabuwa."

"Ke kika ce kina so ki tuƙa, ko shi ya matsa miki?"

"Shekara ashirin da shida ina duba iskar taya," ta ce. "Kana ganin don son taya nake zuwa?"

Sixten ya miƙo mini tef ɗin awo ba tare da ya dube ni ba. Na fasa ɗosin waldar, muka zaunar da ita, na matso da kujerar gaba santimita goma sha huɗu, na ɗaga ta shida. Ta taka totur, ta taka birki, ta ce a ƙara ɗaya. Yana tsaye yana kallon inda kujerar take a da, alamar ƙonuwar walda huɗu a kan sabon ƙarfe. Yanzu ko ya so ba zai shiga wajen ba, cikinsa zai tokare da sitiyari.

"Ka tabbata?" na tambaye shi a hankali. "In na ɗinke, shi ke nan."

"In muna kan titi zan zauna a kujerar gefe," ya ce. "In mun isa fili in sauka. Ɗinke."

Na sauke gilashin fuska na ɗinke ƙafafun huɗu. Da na ɗago ba ya wajen. Na ji ƙarar ƙarfe a waje, na leƙa: bututunsa mai milimita biyu ne ya jefa a tulin tarkace. Ya dawo ya je wajen ragowar nawa mai uku, ya jawo guda biyu dogaye, ya ɗora su a ƙofar direba, ɗaya daidai kafaɗar Majvor, ɗaya daidai ƙugunta.

"Ƙara waɗannan nan."

"Doka ba ta nema ba. Wanda ke ciki ya isa."

"Ƙara."

"Kilo shida ne fa, Sixten."

"Na san ko nawa ne," ya ce. "Na lissafa su tun jiya a kaina."

Ya riƙe bututun da hannu biyu yana jira. Na ce ya rufe ido, na kunna wuta.