Makiyayar da Ke Tsallaken Kwazazzabo

Kakana ne ya ja min, Allah Ya yafe masa. Lokacin da sojojin Austriya suka hawo duwatsunmu suna zana taswira, duk makiyayin da suka tambaya ƙarya yake shara musu, don kada a san inda tumaki ke kwana. Kakana ya nuna musu tsallaken kwazazzabo, ya ce can ne makiyayarmu, Suvi Do. Suka rubuta. Har ya tsufa yana ba da labarin yana ƙyaƙyata dariya.

Ina yaro bukkoki tara ne a nan, ainihin Suvi Do. Yanzu saura tawa.

Ranar Talata maƙwabcina na ƙauye, Mijat, ya hawo min da gishiri a kan doki.

"Radule, jikarka Dunja ta zo daga Jamus. Kwana ɗaya gare ta, gobe za ta hawo."

"Ka kwatanta mata hanya?"

"Ina buɗe baki ta ce, bar shi Baba, tana da taswira. Taurin kai dai gado ne a gidanku."

Murna ta hana ni tambayar wace taswira. Ban taɓa ganin yarinyar ba sai a hoto. Na aske gemu, na yanka cuku mafi kyau, na share ƙofa har sau biyu kamar sabon ango.

Washegari da rana tsaka na hango mai jar riga a tsallaken kwazazzabo, cikin tsiraran duwatsu. Ido na kaiwa, amma a ƙafa tafiyar awa tara ce. Na haɗa tafuka a baki na ja dogon kira irin na makiyayanmu. Muryar ta karye, ƙarar kogin da ke tsakaninmu ta haɗiye sauran. Na zuba ɗanyar ciyawa a wuta, iska ta kwantar da hayaƙin ta baya. Dunja ta duba takarda, ta zauna a kan dutse, ta daɗe. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Da Mijat ya dawo wani makon, ya ƙi kallon idona.

"Wai tsohuwar taswirar Austriya ce ta samo a ɗakin karatu. Ta ce ba ta ga ko bukka ba. Ta yi kuka a shago."

"Shi ke nan?"

"Ta ɗauko dutse ɗaya a aljihu. Wai na makiyayar kakanninta ne, za ta ajiye a ɗakinta."