Ranar da Aka Share Ɗakin Goggo Fanta

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Goggo Fanta, kalma ɗaya ce ta rage a bakinta: "To." Hankalinta garau, tana ji tana ganewa, amma duk abin da ta yi niyyar faɗa, "to" ce ke fitowa. Kowa a layinsu na Bagadaza ya san da haka.

Wata Asabar da hantsi 'ya'yan ƙanenta, Bilkis da Sadisu, suka iso da buhuna da tsintsiya. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, su biyun nan ta goya har suka yi wayo. Suka ciccibe ta suka ajiye a tabarma gindin darbejiya, tana fuskantar ɗakin da ta shiga tun tana amarya.

Ɗakin kam ya cika, ita ma ta sani. Kwanuka jere har rufi, ƙore da faya-fayi, gwangwanayen madara da ta wanke ta adana, tsofaffin zannuwa a akwatin ƙarfe. Amma ko a duhu ta san inda kowane abu yake.

Bilkis ta fito riƙe da buzun sallar marigayi Malam Yuguda, mijin Goggo, ta ɗaga shi da yatsu biyu tana toshe hanci.

"Mu ba ma zubar da kayan mutum sai da izininsa," ta ce da ƙaninta tana murmushi. "Goggo, a ƙona wannan?"

Goggo ta tattara duk ƙarfinta. A'a ta taso mata tun daga ƙirji, ta zo maƙogwaro.

"To."

"Ka ji ko? Ta yarda."

Daga nan abin ya zama musu wasa. Rediyon Malam? To. Kaskon turare? To. Zanin saƙi da uwarta ta bar mata? To. Sadisu har kwaikwayon muryarta yake yi kafin ta amsa, yana jefa kayan a wutar da ya hura bayan ɗaki.

Hayaƙin ne ya jawo Selina, maƙwabciyar da ke kawo wa Goggo kunu kullum safe. Ta tsaya a bakin zaure ta riƙe haɓa.

"Haba Bilkis, ku ji tsoron Allah. Kun san ba ta iya cewa a'a."

"Ga ki ga ta, Maman Danny, tambaye ta da kanki. Ko ke za ki zo kina kashe mata kyankyasai?"

Selina ta dubi Goggo, ta ga hawaye na bin gefen fuskar da ya shanye. Ta juya ta fita.

Da suka ja gado, sai ga 'yan kyanwa cikin wani tsohon kwando, ko ido ba su buɗe ba. Goggo ta kwana biyu tana jin motsinsu a ƙarƙashinta, su ne abokan hirarta. Wannan karon ba wanda ya tambaye ta. Sadisu ya juye su cikin buhun shara, ya ɗaure bakin, ya fita da shi. Goggo ta yi ta bugun tabarma da hannunta mai lafiya har ƙura ta tashi.

"Goggo ta ƙosa ta ga ɗakinta," in ji Bilkis.

Kafin la'asar ɗaki ya zama fili, daga katifa sai buta. Suka mayar da ita ciki, Bilkis ta gyara mata ɗankwali, ta ɗauki hoto ta tura wa dangi a waya. Nan da nan saƙonni suka yi ta shigowa, tana karanto su da ƙarfi: Allah ya yi albarka, Allah ya ba ku masu yi muku.

Bayan sun tafi, uwar 'yan kyanwar ta shigo. Ta shinshina inda gadon yake a da, ta zagaya bango kusurwa-kusurwa tana kuka, nononta na jan ƙasa. Goggo ta miƙa mata hannu. Kyanwar ba ta ko dube ta ba, ta fita tsakar gida ta ci gaba da nema.