Ja da Kore

Ranar da labarin ya iso, Mma Mariatu tana tuyar ƙosai a bakin gota, babbar magudanar ruwan unguwar Nima. Sherifa ce ta sauko daga trotro, motar haya, da takarda a hannu, 'yar maƙwabta da ke aiki a ɗakin bincike na asibiti.

Shekara guda ke nan da rasuwar Kadiri, mijin Mariatu, telan unguwar Kawukudi. Ƙari ne ya fito masa a ƙwaƙwalwa. Shekara talatin bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma a watanninsa na ƙarshe ya dinga zaginta, har ya ce a gaban mutane ya yi nadamar aurenta. Wannan maganar ce ta hana ta sakat. Ciwon ne ya yi magana, ko kuwa abin da ya daɗe yana ɓoyewa?

Lokacin da za a yi masa tiyata Mariatu ta dangwala yatsa, ta yarda a bincika abin da aka ciro. Yanzu Sherifa ta shimfiɗa takardar a kan benci. Layi biyu ne na ƙananan akwatuna. Ta ce na hagu ƙarin ne, na dama ɗan nama mai lafiya da ya biyo shi. Kowane akwati ƙwayar gado ce. Ja na nufin tana aiki fiye da kima, kore kuwa tana kwance lafiya.

Hagu ja ne jawur. Dama kore shar.

Mariatu ta daɗe tana kallo. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Ashe su biyu ne a cikin kan. Wannan jan shi ne mai zagina. Wannan kuma Kadirina ne."

"Mma, takardar ba ta faɗi haka ba fa," in ji Sherifa.

"Ke kin yi boko, ni na yi shekara talatin da shi."

Ta bar ƙosai yana ƙonewa, ta ɗaure zani, ta shiga lungu-lungu. Ta nuna wa mai waakye, wato shinkafa da wake, ta nuna wa ladan, ta tsayar da wani direba da bai san Kadiri ba ma. Ta isa unguwar Maamobi da silifa ɗaya, ta ɗora takardar a cinyar Amama, ƙanwar mijin, wadda ta ji zagin da kunnenta. Amama ta riƙe ta a juye, ta ce lallai koren nan yana kama da yayanta. Suka yi ta dariya har hawaye ya biyo, ba su san lokacin da ta zama kuka ba.

Da Mariatu ta dawo, Sherifa ta sake yin bayani sau biyu, sannan ta haƙura ta karɓi ƙosai.

Da yamma Mariatu ta ɗauko almakashin Kadiri ta raba takardar. Jan ta cusa a murhu. Koren ta liƙa a jikin katakon rumfarta.

Kullum da safe, kafin ta zuba mai a kasko, sai ta share masa toka da gefen mayafinta, ta tambaye shi ya kwana.