Zangon da Babu Kowa

Injiniya Dalhatu ya iso ƙofar ruwa ta Bunkure da hantsi, da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan babur. Na'ura ce mai aika wa ofishin rabon ruwa na Kura tsayin ruwan kanal ta iska, ba da murya ba, da wani ƙyas-ƙyas kamar kukan gyare. Da la'asar ofis ke saurare. In saƙon bai isa ba, ba za a sako ruwa gobe ba. Tumatirin Saude kuwa, ƙanwar Dattijo mai gadin ƙofar, yana can ƙarshen kanal, kwana huɗu ke nan ganyensa ya langaɓe.

Dalhatu ya yi ta murɗa na'urar yana neman zangon da zai aika saƙon, har ya sami wurin da ya yi tsit.

"Baba, saƙo kaya ne, zango kuma hanya. Ga wadda babu kowa a kanta."

Dattijo ya leƙa lambar, ya dubi tsohuwar rediyonsa da ke rataye a reshen darbejiya.

"Hanyar kasuwa ma fayau take ranar da ba ta ci. Bari a yi la'asar."

"Haba Baba, ni fa na karanta abin nan."

"Ka karanta shi, yaro. Ni zama na yi da shi."

Suka zauna. Balbelu suna sauka cikin alkama ɗaya bayan ɗaya, ruwan da ya rage yana tafiya kamar mai jin barci. Suna sallame sallar la'asar, sai ga muryar wata mace ta taso daidai zangon, tana waƙa da wani yare, tana matsowa tana nisa kamar a kwalekwale take. Ta rufe kukan gyaren ruf.

"Wace ce wannan?"

"Oho. Shekara tara kullum war haka take zuwa. Ban taɓa jin abin da take cewa ba."

Dalhatu ya sosa ƙeya. Dattijo ya ɗora yatsa ƙasa kaɗan da lambar.

"Nan dai ko tari ban taɓa ji ba."

Dalhatu ya murɗa na'urar zuwa wurin, ya faɗa wa Kura sabuwar lambar ta oba-oba. Jim kaɗan aka amsa: "Mun gani. Gobe da safe."

"A je a gaya wa Saude ta gyara kwamin tumatirinta," in ji Dattijo. Ya sauko da rediyonsa, ya nemo matar, ya rage murya.