Katin da Ke Jikin Gadon Baba

Kwana tara Baba bai ce uffan ba tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a asibiti. Da safe autarsa ta kawo masa shayi, sai ta ga kati rataye jikin gadon.

Ta karanta a fili: "Nil per os. Wannan kuma wane yare ne?"

Baba, wanda ya shekara talatin yana koyar da Latin, wato yaren da ke jikin katin, ya motsa leɓe da ƙyar. "Nothing by mouth. Kada a ba ni komai ta baki, Auta."

Ashe duk kwanakin nan yana jin abin da ake faɗa! Ta jawo kujera kusa da shi don ta ƙara jin muryarsa.

"To Baba, wace kalma ce baki a ciki?"