Tsutsar Cikin Dokin Baba Direba

A gindin turke na tarar da shi kwance, sirinji a hannunsa na dama, dokin yana shinshinar hularsa. Na yar da almakashina na yi kansa.

Baba Direba muke ce masa don tsokana, alhali bai taɓa tuƙa komai ba sai keken doki. Shagona na ɗinki yana kallon bargarsa, shekara ashirin da ɗoriya. Duk safiya sai ya tona kashin dokin da tsinke kafin ya kwashe, kuma duk bayan 'yan watanni ya ɗura masa maganin tsutsa. Yakan ce mu nan ba mu san sanyi ba, ciyawa ɗanya ce shekara zagaye, tsutsa ba ta hutu.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, babban ɗansa ya karɓi kulawar dokin. Wannan ɗan, Allah ya shirye shi, komai sai ya tambayi waya. Ya karanto cewa sau ɗaya a shekara ake ba doki magani, bayan wucewar dusar ƙanƙara. Dusar ƙanƙara! Mu da ko a mafarki ba mu taɓa ganin ta sauka ba. Na ce masa wannan lissafin wata ƙasa ne, ya ce in tsaya a kan zare da allura.

Wata tara ke nan ba a ba dokin magani ba. Doki ya rame, haƙarƙari a waje, ciki ya kumbura, yana goga gindi a bango har gashin wutsiya ya tsige. Tsohon yana kallo ta taga, bakinsa a karkace, yana roƙo, ɗan yana cewa lokaci bai yi ba. Ni ma ina gani na yi shiru, wai kada in shiga sha'anin gidan mutane. Wallahi har yau haushin kaina nake ji.

Ashe ranar da na tsince shi, jan ciki ya yi daga ɗaki, ya yunƙura zai miƙe a gindin turke ya faɗi. Matarsa ce ta sayo masa maganin a ɓoye, ita kuma tsoron doki take yi.

Na yunƙura zan ɗaga shi, ya ƙi. Ya tura mini sirinjin.

"Tela, shi tukuna. Ta gefen baki, can bayan harshe."

Na ɗura wa dokin. Sai ga ɗan ya fito yana tambayar wa ya ba ni izini. Na ce masa, "Ubanka ne a ƙasa, marar kunya. Kama ƙafafunsa."

Faɗuwar ta taɓa shi sosai. Kwana biyu ba ya cin komai, duk wanda ya shiga tambaya ɗaya yake masa, ko tsutsotsin sun fita.

A rana ta uku da hantsi na leƙa barga. Ga su nan fal a cikin kashin, farare, matattu, wasu tsawon ɗan yatsana. Na kwasa a shebur na nufi tagarsa da sauri, ina kiran Baba Direba ya leƙo ya gani.

Matarsa ce ta ɗaga labule. Ta dubi shebur ɗin, ta dube ni.

"Yanzun nan ya cika, Tela," ta ce. "Ko ruwan da na ba shi bai haɗiye ba."

Na tsaya riƙe da shebur, ƙudaje suna sauka a kai. A bayana ina jin dokin yana tauna dusa.