Izinin Binne Nu'uman

Malam Abdulƙahhar ya tsufa yana limancin ƙaramin masallacin da ke bayan kasuwar Zongo a Lome. Kakansa ne ya zo daga Katsina da fataucin goro, ya zauna bai koma ba. Duk tsawon limancinsa ba a taɓa jin gawa ta kwana a hannunsa ba. In mutum ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Haka ake yi har ranar da abin ya zo kan ɗansa.

Nu'uman shi ne ɗan farinsa, direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Wagadugu. Wata Talata da hantsi mutum biyu suka zo daga kamfanin da yake yi wa aiki. Suka durƙusa a zaure suka ce Nu'uman ya faɗo daga saman mota a garejinsu na Adakpamé yana ɗaure tamfol, kansa ya bugi ƙasa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Gawar tana ɗakin ajiya.

Malam ya yi salati. Sannan ya sa a tafi haƙa kabari, ya sa a yanko likkafani, ya aiki Bobbo ladanin masallacinsa ofishin magajin gari ya karɓo takardar izinin binnewa, wadda sai da ita asibiti ke sakin gawa.

Bayan azahar Bobbo ya dawo hannu rabbana.

"Malam, ya ce ba zai sa hannu ba."

"Wa?"

"Metir Tchakoura da kansa."

Malam ya ɗauka bai ji daidai ba. Ai duk Zongo babu wanda ya yi wa Tchakoura yaƙin zaɓe kamarsa. Tchakoura mutumin Sokode ne, Musulmi, lauya ne kafin ya shiga siyasa, shi ya sa ake ce masa Metir, laƙabin lauyoyi da Faransanci. Sunansa ya fito ne tun lokacin da wani ɗan dako mai suna Issifou ya mutu a hannun masu tsaro aka ce ciwon ciki ne. Tchakoura ya tsaya kai da fata ya hana a binne shi sai likita ya duba, aka duba aka sami haƙarƙari a karye, aka hukunta waɗanda suka yi. Da ya fito neman kujerar magajin gari, Malam ya bi gida gida yana cewa mutumin da ya tsaya wa matacce ba zai ci amanar mai rai ba. Wasu dattawa sun ce masa lauya bakinsa na haya ne, wanda ya biya shi yake yi wa magana, kuma kujera tana canja mutum. Bai saurare su ba.

Malam ya hau babur ɗin haya ya tafi ofishin da kansa. Tchakoura ya taso ya tarye shi a bakin ƙofa, ya yi masa ta'aziyya da Hausarsa ta 'yan Sokode, ya ba shi kujera.

"Liman, an faɗa mini abin da ya sa ba zan iya sa hannu ba. Ba na jin faɗuwa ce ta kashe shi. Na rubuta wa kotu a turo likita ya duba shi."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba zan faɗa ba."

"Metir, kabari na nan a haƙe. Uwarsa na nan a zaune. Ko faɗuwa ce ko ba faɗuwa ba, kwanansa ne ya ƙare. Ka bar mu da Allah."

"Lokacin Issifou kai ka hau mumbari ka ce jinkiri don a tsayar da gaskiya ba laifi ba ne."

Malam da bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba tun ranar suna, sai ya ji bakinsa ya ce, "Nu'uman ne fa. Nu'uman nawa ne a cikin ƙanƙara." Tchakoura ya kawar da kai, amma bai ɗauki alƙalami ba.

A gida mutane sun cika. 'Yan'uwa sun fara isowa daga Kumasi da Cotonou, an shimfiɗa tabarmi har kan hanya, ga zaman makoki babu jana'iza. Masu zuwa gaisuwa ba su san me za su ce ba, don ba a cewa "ya haƙuri" yadda aka saba alhali mamacin bai shiga ƙasa ba. Ruwan sama ya sauko ya cika kabarin da aka haƙa, aka kwashe, ya sake cikawa. Matarsa Ummulkulsum ta daina cin abinci. Duk sanda ya shigo sai ta ɗago ta dube shi.

"Malam, yana jin sanyi," in ji ta. "Tun yana ƙarami ba ya son sanyi. Kai da ka binne 'ya'yan kowa, naka ne ya gagare ka?"

Kullum da safe Malam yakan tafi kotu. A tura shi wannan ofis, a ce wancan ne. Yau a ce likitan da ke wannan aiki ya yi tafiya arewa, gobe a ce takardar ba ta iso teburin mai gabatar da ƙara ba. Yakan zauna a benci cikin masu ƙarar fili da masu ƙarar haya har rana ta take, ya dawo ya ja salla, ya yi kuskure a surar da ya haddace tun yana yaro, mamu su gyara masa. A bayan idonsa ana ta magana. Waɗanda suka gargaɗe shi a da suna cewa ga shi nan, taurin kan da ya yaba shi ne ya dawo kansa. Wasu kuma suna cewa ai magajin gari suna yake nema da gawar ɗan mutane.

Ranar Juma'a ya shiga ɗakin da Shamsiya matar Nu'uman take takaba don ya duba ta. Tana zaune a ƙasa a lulluɓe, 'yarta na barci a cinyarta.

"Baba, ni ce," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ke ce me?"

"Ni na kira magajin gari. Da asubar ranar ɗanka ya kira ni a waya. Yana cewa in gaya maka masu gadin gareji sun kama shi, wai ya zuƙi man mota ya sayar. Na ji ana ihu, na ji yana cewa wallahi bai taɓa ba, sai wayar ta yanke. Da mutanen nan suka zo suka ce faɗuwa ya yi, na san in na faɗa maka za ka ce a bar wa Allah. Shi ya sa na nemi lambar Metir."

Malam ya dube ta.

"Ke kika sa uwarsa cikin wannan hali? Ke kika hana mijinki kabari?"

"Baba, yarinyar nan za ta girma. In ba a duba ba, abin da za ta ji shi ne ubanta ɓarawon mai ne."

Malam ya fita. Ranar bai iya cin komai ba shi ma.

Mako ya zagayo, mutanen kamfani suka dawo. Wannan karon da wani mai kwat da ya iya magana. Ya ce su ma abin ya dame su, kuma akwai hanya mai sauƙi. In uban mamaci ya sa hannu cewa iyali ba su zargin kowa, yau yau za a saki gawa, motarsu ce ma za ta kawo ta. Ya ajiye takarda a kan buzun Malam. Ummulkulsum tana jin su daga bayan labule, ta fito ba ko mayafin kirki, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban baƙi, ta durƙusa a gaban mijinta.

"Don girman Allah ka sa. Ka ba ni ɗana in san inda yake kwance."

Malam ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce zai je ya ji daga bakin magajin gari ko za ta wadatar.

Ya sami Tchakoura ya rame, idanunsa sun yi ja. Wayoyi biyu a kan tebur, suna ta ruri yana kifa su. Malam ya miƙa masa takardar, ya shirya jin faɗa. Tchakoura ya karanta ta har ƙasa, ya ajiye, ya yi ajiyar zuciya.

"Liman, kotu ba ta amsa mini ba har yanzu. Mai kamfanin nan yana da mutane a sama da ni, tun ranar nan ba su bar ni na runtsa ba. Da ina lauya, ni kaɗai ne da rigata, in shiga kotu in yi ta hayaniya har a gaji da ni. Yanzu akwai kwalbatin unguwarku da nake roƙo a ba ni, akwai makaranta. Duk sun tsaya." Ya tura takardar gabansa. "In ka sa hannu a nan, ni ma zan sa nawa yanzu. Ba wanda zai zarge ka. Ni ma, gaskiya, ka sauke mini kaya."

Malam ya dube shi. Ya zo ne yana tsammanin zai yi kokawa da dutse, sai ya tarar dutsen yana jira a ture shi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar rasuwar, don ya gane yanzu babu kowa tsakanin ɗansa da ƙaryar mutanen nan sai shi.

"In ban sa ba fa?"

"In ba ka sa ba, ni ma ba zan sa ba. Wannan kam zan iya. Amma ban san ranar da likita zai zo ba, kuma ba zan yi maka alkawarin za a kama kowa ba."

"Ka sa a bar ni in gan shi."

Tchakoura ya ɗaga waya ya yi magana da Faransanci.

Ɗakin ajiyar gawa yana can ƙarshen asibiti. Ma'aikacin ya jawo akwatin ƙarfe ya koma gefe. Malam ya yi bisimilla ya yaye zanen. Ya wanke gawa ba adadi, ya san yadda wanda ya faɗo daga sama yake. Kan Nu'uman lafiya lau. A wuyan hannayensa biyu akwai shatar igiya, ta ci fata. Ya juya shi kaɗan, ya ga bayan. Ya mayar da zanen, ya gyara shi a kafaɗu, ya tsaya yana karanta abin da ya zo bakinsa har ma'aikacin ya taɓa shi ya ce lokaci ya yi.

Ya fito bakin ƙofar asibiti. Ya zauna a gefen kwalbati cikin masu sayar da lemo, dattijo da rawani, yana kuka mutane na wucewa.

Da ya isa gida ya mayar wa mai kwat takardarsa babu sa hannu. Ummulkulsum ta yi kururuwa har maƙwabta suka shigo. Ta ce ya zaɓi shari'ar Nasara a kan ɗansa, ta ce ba za ta yafe ba. Bai gaya mata abin da ya gani ba, don ya san ba za ta iya ɗauka ba. Ya bar ta tana ganin shi ne mugun. Baƙin Kumasi suka gaji suka koma. Wasu daga cikin mamu suka koma wani masallaci, suna cewa limamin da ya bar ɗansa a firji ba za su bi shi salla ba.

Sai da wata ya kusa cika likitan ya zo. Ya rubuta cewa duka ne. A ranar Tchakoura ya sa hannu, aka kawo Nu'uman gida da la'asar. Malam ya hana kowa shiga, shi da Bobbo kaɗai suka yi wankan. Aka haƙa sabon kabari, don na farko ya rufta. Tchakoura ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a watse.

An kama masu gadi biyu. Kafin Shamsiya ta fita takaba an ba da belinsu, ɗaya ya tsallaka Ghana. Mai kamfanin ko kiransa ba a yi ba. Malam ya koma wurin magajin gari sau biyu, ana ce masa yana taro. A na ukun ya aiko masa da sunan wata matashiyar lauya, Metir Djamila, wadda ta yi aiki a ƙarƙashinsa a da, ya ce ita ba ta da kujerar da za ta ji tsoron rasawa.

Ummulkulsum ta fara cin abinci, amma magana tsakaninta da Malam ba ta wuce gaisuwa. Ranar da aka sa za a fara sauraron shari'ar masu gadin, ya fito da safe ya tarar da Shamsiya a zaure ta goya 'yarta, tana jiransa. Suka tari mota zuwa kotu. Suka zauna a benci har azahar, sannan wani ma'aikaci ya leƙo ya ce alƙali bai zo ba, an ɗage sai bayan bikin salla.